Karatu Kawai

Ruwan Agusta na dukan kwanon shagona a Dilimi
sa'ad da Kachollom ta shigo, lemarta na ɗiga kan wayoyi.
Ta kwance ƙullin ɗankwali, ta ajiye faifai a tebur,
ɗan ƙarfe mai nauyin sabulun wanki.
"Na babana ne, Da Chuwang, mai hoto na Bukuru.
Kwamfutar ta mutu wata biyu bayan shi.
Duba min abin da ya rage."

Na jona shi. Ya yi gurnani
kamar tsoho zai tashi daga tabarma.
Ban buɗe tagogi masu launi ba, ban taɓa linzami ba.
Baƙin allon nan na kira, wanda bai san ado ba,
inda ɗan farin ɗigo ke ƙyafta ido
yana jiran umarni.

Nan ba a nuni da yatsa, rubutawa ake.
Harafi ɗaya ya zame, ka share gida da mutanensa.
Shi ya sa kafin in tambayi faifan ko sunansa
na ɗaure hannuna da kaina:
karatu kawai, na rubuta, ban da canji.
Faifai maigadi ne mai littafi.
Duk wanda ya leƙa ɗaki sai ya rubuta sa'ar,
ya goge ta wanda ya riga shi.
Ban so sawuna ya hau sawun mamaci.

Sai tambaya, layi bayan layi.
A wane tsari aka yanka ka? Ya faɗa.
Nawa ka ɗauka, nawa ya saura?
Kashi casa'in da bakwai cike, in ji shi,
ukun da suka rage ba za su ɗauki bikin suna guda ba.
Wa ke da iko?
Suna ɗaya ne a goshin kowane fayil,
shi ke karantawa, shi ke rubutawa,
sauran duniya an ja mana ƙaramin layi, layi, layi.

Ta matso tana hura tafin hannu don sanyi.
"Ina hotunan? Ni rubutu kawai nake gani."
Na ce ga su a jere, ba su yaye mayafi ba tukuna:
amaren Gyel, tafkunan kuza,
masu dankali a Farin Gada,
wani limami da wani fasto a benci ɗaya suna jiran fasfo.

Na ce wa allon, jera su bisa lokaci,
na ƙarshen da aka taɓa ya hau sama.
Ɗaya ya hau.
Sunanta ne a kai, da kalmar masara.
Shekara goma sha takwas ba a canja masa ko ɗigo ba,
buɗewa kawai ake yi.
Buɗewar ƙarshe: sha tara ga Yuni,
ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya na dare.

Ta ƙirga da yatsu, ta tsaya a na uku.
"A daren ya kira ni. Ina Abuja, ina fushi.
Na kife wayar."

Injin wutar maƙwabci ya yi tari. Ban ce komai ba.
Aikina lambobi ne, kuma lambobin sun gama magana.

"In buɗe?"
"Agogon zai motsa?"
"Ba zai motsa ba. Na ɗaure shi."
Ta daɗe tana kallon baƙin allo.
"Bari sai na isa gida."

Na kwafe komai a sabon faifai,
na rubuta umarnin sauya mai iko,
sunanta ya sauka kan fayil dubu arba'in
kafin shayina ya huce.
Tsohon kuwa na sauke shi a hankali,
da sunan mai shi, da ƙarfe biyunsa na dare.

Ta mayar da shi cikin ɗankwali, ta ƙulle sau biyu.
Ta manta lemar.
Tana nan bayan ƙofa har yau.